Takardar Sallamar Soja: Yadda Shaidar Talaka Ta Zama Hajar Gwanjo

A watan Yunin 1783, a wani gidan dutse da ke garin Newburgh a bakin kogin Hudson, Janar George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar Amurka na farko, ya shafe kwanaki yana sa hannu a kan takardu iri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har suka kai dubbai. Yaƙin neman 'yancin Amurka daga Birtaniya ya lafa bayan shekara takwas, aljihun Majalisar ƙasar kuwa ya bushe ƙarƙaf, ga dubban sojoji jibge a sansanin New Windsor suna bin bashin albashin watanni, wasunsu ma na shekaru. Takardun da yake sa wa hannu su ne takardun sallamar kurata da kofur-kofur da sajan-sajan, mutanen da akasarinsu manoma ne da leburori da 'yan ƙwadago. A yau idan ɗaya daga cikin waɗannan takardu ta fito kasuwar gwanjo, akan saye ta da dubban daloli, mai kyan jiki ma takan haura dala dubu goma. Abin da wannan fashin baƙi yake son warwarewa shi ne yadda aka yi guntuwar takardar da talaka ya ninke ya cusa a aljihu ta koma abin da masu kuɗi ke rububi, da abin da ke sa wata ta yi tsada wata ta yi arha, da kuma abin da farashin kan rufe wa mutane ido ga barin gani.

Kafin komai sai a san yadda takardar take. Falle ɗaya ce, an buga mafi yawan kalmominta da injin ɗab'i, an bar gurabe inda akawun runduna zai cike da alƙalami: sunan sojan, muƙaminsa, rundunarsa, da adadin shekarun da ya yi yana bauta wa ƙasa. A ƙasa Washington ya sa hannu, sakatarensa Jonathan Trumbull ƙarami ya sa nasa, sannan jami'in da ke riƙe da rajistar rundunar ya shaida cewa an shigar da sunan cikin littafi. Saboda wannan gauraye na bugu da rubutun hannu, masu tara tsofaffin rubuce-rubuce suna ajiye ta a wani aji na daban. A wurinsu, wasiƙar da babban mutum ya rubuta da hannunsa tun daga farko har ƙarshe ita ce kan gaba, sai wadda sakatare ya rubuta shi kuma ya sa hannu, sannan takardar aiki da aka buga ya rattaba wa hannu kawai. Takardar sallama tana cikin wannan rukuni na uku, kuma ga wanda yake son mallakar sa hannun Washington na gaskiya, tana cikin hanyoyin da suka fi sauƙin kuɗi, domin wasiƙarsa mai muhimmin zance takan ninka ta farashi sau da yawa.

A bayan takardar akwai wani gajeren rubutu da ya fi duk abin da ke gabanta bayyana halin da ake ciki. Rubutun yana cewa takardar ba za ta zama sallama ba sai ranar da aka tabbatar da yarjejeniyar zaman lafiya ta ƙarshe, kafin nan kuwa mai riƙe da ita yana hutu ne kawai. Dalili shi ne a ranar 26 ga Mayun 1783 Majalisa ta yanke shawarar a tura sojoji gida da sunan hutu, saboda ba ta da kuɗin ciyar da su, ba ta kuma da ƙarfin halin rushe rundunar alhali sojojin Birtaniya suna zaune daram a birnin New York. Watanni biyu kacal kafin nan, a tsakiyar Maris, hafsoshi sun kusa yin bore a Newburgh kan batun albashi da fansho, sai da Washington ya tsaya a gabansu da kansa ya lallashe su. Don haka aka watsa sojojin rukuni-rukuni, aka bar musu bindigoginsu, aka yi musu alkawarin albashin wata uku cikin takardun bashi waɗanda sai bayan watanni za a iya karɓar kuɗinsu. An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiyar a birnin Paris a ranar 3 ga Satumban 1783, hutun kuma ya koma cikakkiyar sallama a farkon Nuwamba. Duk wannan tarihi na gwamnatin da ta ci bashin jinin mutanenta ta rasa abin biya yana ƙunshe cikin layuka huɗu ko biyar da ke bayan takardar, wurin da mai saye yakan manna wa katako idan ya sa ta cikin gilashi ya rataye a bango.

Ga sojan da ya karɓe ta, takardar kayan aiki ce. Ita ce za ta raba shi da zargin gudu daga fagen daga idan aka tare shi a hanya, ita ce kuma hujjarsa a kan duk wani haƙƙi da yake bin gwamnati. Tun a 1776 Majalisa ta yi alkawarin eka 100 ta fili ga duk kurtun da ya tsaya har ƙarshen yaƙi, jihar New York ma ta ƙara wa nata sojojin eka 500 a kai. Amma fili yana can nesa cikin daji, rabonsa sai da ya ɗauki shekaru, yunwa kuwa ba ta jiran alkawari. Sojoji da yawa suka sayar da haƙƙinsu ga dillalan fili a kan kuɗi ƙalilan, suka miƙa musu takardar sallamar a matsayin shaida. Shi ya sa akan ga bayan wasu takardun cike da rubutun ciniki, wannan ya sayar wa wancan, wancan ya sayar wa wani, a wasu wuraren ma maimakon sa hannu sai ɗan gicciye, alamar mai ita bai iya rubuta sunansa ba. Ke nan takardar ta shiga kasuwa tun mai ita yana raye, kuma cinikin farko da aka yi da ita ciniki ne na wanda ciki ya matsa wa.

Darajarta a matsayin hujja ta ƙaru bayan gobarar da ta tashi a ofishin ma'aikatar yaƙi a birnin Washington a watan Nuwamban 1800, wadda ta laƙume tarin bayanan sojojin wancan yaƙi. Da aka zo aka yi dokar fansho ta 1818, wadda ta ba kurtun da ya yi aƙalla wata tara a rundunar ƙasa kuma yake cikin talauci dala takwas a wata, sai ya zama dole kowane tsoho ya tabbatar da cewa ya yi aikin. Wanda takardarsa ke hannunsa ya huta, wanda ya ɓatar ko ya sayar da tasa sai ya shiga neman tsofaffin abokan daga su rantse masa a gaban alƙali.

A nan ne labarin mutum biyu yake nuna abin da takardar take nufi ga masu ita, kuma dukansu baƙar fata ne 'yantattu. Agrippa Hull, mutumin Stockbridge a jihar Massachusetts, ya yi shekara shida da 'yan watanni a runduna, mafi yawansu yana hidima ga Tadeusz Kościuszko, injiniyan soja ɗan ƙasar Poland. Da lokacin neman fansho ya yi aka ce sai ya aika da takardar sallamarsa, mutumin da ya rubuta masa wasiƙar rakiya ya roƙi hukuma ta mayar da ita da zarar ta gama dubawa, domin a cewarsa Hull ya gwammace ya rasa fanshon da ya rasa takardar. Na biyun shi ne Oliver Cromwell na jihar New Jersey, wanda bai haɗa komai da shugaban Ingila mai wannan suna ba. Shi ma ya yi shekara shida, ya karɓi takardarsa mai sa hannun Washington a watan Yunin 1783, ya miƙa ta wajen neman fansho, ya samu dala 96 a shekara, takardar kuwa ba ta dawo hannunsa ba. Ya rasu a 1853 yana da kimanin shekara ɗari, kuma waɗanda suka zanta da shi a ƙarshen rayuwarsa sun ruwaito cewa yakan yi maganar rabuwarsa da ita cikin baƙin ciki. A ƙasar da a lokacin ake saye da sayar da masu launin fatarsa, takardar da shugaban ƙasa na farko ya sa wa hannu yana shaida cewa ya yi yaƙi da aminci ta wuce maganar dala takwas a wata. Ni dai duk lokacin da na ga hoton irin wannan takarda a kundin masu gwanjo, waɗannan tsofaffin biyu nake fara tunawa.

Wannan ya kawo mu ga dalilin da ya sa takardun da ke yawo a kasuwa ba su kai yawan waɗanda aka sa wa hannu ba. Da yawa sun ruɓe a aljihu da jakar fata, da yawa kuma sun maƙale a fayil-fayil na fansho da na rabon fili, waɗanda yanzu suke ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasar Amurka. Waɗannan dukiyar gwamnati ce, ba a sayar da su, kuma an sha kama mutane, ciki har da ma'aikatan ma'adanar, da suka zare takardu daga fayil suka kai kasuwa, aka ɗaure su. Saboda haka tambayar farko da mai saye mai hankali yake yi ita ce ta hannun wa da wa takardar ta biyo kafin ta iso gare shi. Wadda ta fito daga zuri'ar sojan, ko aka san tsohon gwanjon da aka taɓa sayar da ita, ta fi kwanciyar rai nesa ba kusa ba a kan wadda ta faɗo daga sama babu asali.

Bayan asali sai ingancin sa hannun, domin inda kuɗi ya taru jabu ba ya nisa. Robert Spring, ɗan Ingila mai sayar da littattafai a Philadelphia a tsakiyar ƙarni na 19, ya ƙware wajen kwaikwayon rubutun Washington har jabunsa ya cika gidajen masu tarawa, wasu ma suna yawo har yau. A ƙarni na 20 aka yi Joseph Cosey, gwanin kwaikwayon hannun Benjamin Franklin da Abraham Lincoln, shi Cosey ɗin kuwa an kore shi daga soja a 1913, sai ya ƙirƙira wa kansa takardar sallama ta mutunci. Masana kan gane jabu ta hanyoyi da dama. Takardar ƙarni na 18 da tsumman auduga da lilin ake yin ta, idan aka ɗaga ta a haske za a ga siraran layukan ragar da aka tace ta a kai, alhali takardar da ake yi da itace sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ta yaɗu. Tawadar lokacin kuwa daga sinadarin ƙarfe da wani kumburi da ke fitowa a jikin bishiyar oak ake haɗa ta, tana komawa ruwan ƙasa idan ta tsufa, tana kuma cin jikin takardar har inuwarta ta ɓullo ta baya. Idan ɗan jabu ya sami tsohuwar takarda ya yi rubutu a kai da sabuwar tawada, sau da yawa tawadar takan nashe ta yi gashi-gashi a gefen haruffa. Hannunsa ma yakan tona masa asiri, domin mai sa hannunsa na gaskiya da sauri yake jan alƙalami, mai kwaikwayo kuwa zane yake yi a hankali, yana ɗagawa yana saukewa.

Akwai kuma ruɗun da ba jabu ba ne, rashin sani ne ko ƙarin gishirin mai talla. A ƙasan takardun 1783 da yawa an rubuta cewa an karrama sojan da lambar yabo saboda shekaru kaza na aiki da aminci. Wasu masu sayarwa kan nuna kamar wannan ita ce lambar nan mai siffar zuciya da launin shunayya wadda Washington ya ƙirƙira a ranar 7 ga Agustan 1782, wadda aka farfaɗo da ita a 1932 da sunan Purple Heart. Gaskiyar magana umarnin wannan rana lambobi iri biyu ya kafa. Mai siffar zuciya ta bajinta ce ta musamman, kuma sajan uku ne aka tabbatar sun same ta: Elijah Churchill da William Brown da Daniel Bissell. Wadda takardun sallama ke nufi kuwa igiya ce da ake ɗinkawa a hannun riga na hagu, ɗaya ga wanda ya yi shekara uku babu laifi, biyu ga wanda ya yi shida, kuma sojoji masu ɗimbin yawa sun same ta. Irin wannan ruɗu yana faruwa da takardun mallakar fili da tsofaffin sojoji suka karɓa daga baya, masu ɗauke da sunan shugaban ƙasa: daga 1833 doka ta ba sakatare izinin sa hannu a madadinsa, don haka sunan shugaba a kan takardar fili ta bayan wannan shekara kusan kullum hannun wani ne.

Idan aka bar zamanin Washington aka zo yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, lissafin kasuwa yakan juye. Mutum kimanin miliyan biyu ne suka yi aiki a rundunar Arewa, takardun sallamarsu suna da yawa, masu sa musu hannu kuwa ƙananan hafsoshi ne da ba wanda ya san su, saboda haka akan sami ta kurtu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai ta fuskar bayani ta fi ta Washington cika nesa. Tana faɗin garin da aka haifi sojan, shekarunsa, tsayinsa, launin fatarsa da na idonsa da na gashinsa, da sana'arsa kafin ya shiga soja, domin a lokacin babu hoto a jikin takardar shaida, kwatance ne kaɗai zai hana wani ya karɓi haƙƙin wani. Akwai layin da ke cewa babu abin da zai hana a sake ɗaukarsa aiki, wanda akan soke idan halinsa ko lafiyarsa ba su gamsar ba. A jikinta kuma akan ga hatimai na biyan albashin ƙarshe da kuɗin lada, kowanne da kwanan watansa. Farashin irin wannan takarda yakan ɗaga ne idan rundunar ta yi suna a wani gumurzu kamar na Gettysburg, ko sojan yana cikin baƙaƙen fata kimanin dubu 180 da suka yi yaƙi a ɓangaren Arewa, ko an same ta tare da hotonsa da wasiƙunsa. Birtaniya ma tana da irin wannan taska a takardun sojojin da suka nemi fansho ta hannun asibitin tsofaffin sojoji na Chelsea, wanda Sarki Charles na Biyu ya kafa a 1682, kuma suna ajiye a ma'adanar tarihi ta ƙasar Birtaniya da ke Kew.

A nan ne nake ganin kasuwa da tarihi suka raba hanya. Kasuwa tana biyan kuɗin sunan da ke ƙasan takardar, sunan da dama an riga an rubuta littattafai a kansa, mai binciken tarihi kuwa sunan da ke tsakiya yake nema, na mutumin da wataƙila duk duniya babu wani wuri da aka kwatanta kamanninsa sai nan. A da ma akwai masu tara sa hannu da kan sa almakashi su yanke sunan babban su jefar da sauran, ɓarnar da masu sana'ar suka daina yarda da ita a yanzu. Ba na cikin masu ganin tara waɗannan takardu laifi ne, domin da yawansu da tuni sun tafi bola in ba don wani ya san suna da daraja ba. Abin da nake ƙi shi ne takarda ta shige ɗakin wani ba tare da an ɗauki hotonta gaba da baya an ajiye inda jama'a za su iya dubawa ba. Gobarar 12 ga Yulin 1973 a cibiyar adana bayanan ma'aikata da ke birnin St. Louis na Amurka ta isa ishara: fayil miliyan 16 zuwa 18 ne suka ƙone, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960, har hukuma ta koma dogara ga takardun da ke hannun iyalai wajen sake haɗa tarihin aikin mutum.

Wannan magana ba ta tsaya a Amurka ba, domin a gidajenmu ma akwai irin waɗannan takardu. Rundunar Yammacin Afirka ta Turawan mulki, wadda Hausa ce harshen bariki a ɓangarenta na Najeriya, ta tura runduna ta 81 da ta 82 zuwa yaƙin Bama, inda suka fafata da Japanawa a kwarin Kaladan da Myohaung a 1944 da 1945. 'Yan mazan jiyan da suka dawo sun zo da takardun sallama masu lambar soja da muƙami da ranar shiga da ta fita da shaidar hali, takwarorinsu na Nijar da suka yi wa Faransa aiki kuma da ɗan littafinsu na soja, wanda da shi suka yi ta bin fanshon da Faransa ta daskarar da dokar 1959, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011. Muhimmancin waɗannan takardu ya ninka saboda dalilai biyu. Na farko, akawun bariki yakan rubuta mutum da sunansa da na garinsu ko ƙabilarsa maimakon na mahaifinsa, kamar Alhaji Grunshi na rundunar Gold Coast (Ghana ta yau) da Samanja Chari Maigumeri wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa, don haka ba tare da lambar soja ba da wuya a bambance masu suna ɗaya. Na biyu, lambobin yaƙin duniya na biyu da Birtaniya ta raba, irin su tauraron Bama, ba a zana sunan mai su a jiki ba, saɓanin na yaƙin duniya na ɗaya. Tauraron da aka raba da takardarsa ya zama guntun tagulla da ba ya faɗin ko na wane ne.

Wanda ya buɗe tsohuwar akwatin ƙarfen kakansa ya tarar da irin wannan takarda ninke cikin ƙyalle, ta yi ja saboda tsufa, gara ta ɗan taɓa gefenta, kuskuren da ya fi saurin yi shi ne ya kai ta shagon kwamfuta a liƙe masa ita cikin roba da zafi. Zafin da ƙaron suna shiga jikin takardar yadda ba a iya cire su, kuma daga ranar masana adana tarihi da masu saye duka sun yanke ƙauna da ita. Salatif ma haka yake, yakan bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Abin da ya dace shi ne a warware ninkin a hankali da busasshen hannu, a ɗauki hotonta gaba da baya, a shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, a ajiye nesa da rana da laimar damina, tare da lambobin da hoton mai su a wuri ɗaya. A wata takarda daban kuma a rubuta cikakken sunansa na gida da na mahaifinsa da unguwarsu, da duk abin da tsofaffin gidan suke iya tunawa na inda ya je da shekarar da ya dawo, domin waɗannan su ne bayanan da akawun bariki bai shigar ba.